Tumaki Da Masarar Da Aka Sauya Wa Ƙwayoyin Halitta: Abin Da Gwaje-Gwaje Suka Nuna

A watan Janairu na shekarar 2024 Gwamnatin Tarayya ta amince da a saki wa manoma nau'o'i huɗu na masarar TELA, wato SAMMAZ 72T da 73T da 74T da 75T, waɗanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta samar. Ita ce masara ta farko da aka sauya wa ƙwayoyin halitta wadda aka ba manoman Nijeriya iznin nomawa don kasuwanci. Mafi yawan muhawarar da ta biyo baya a kan tuwo da koko aka yi ta, wato abin da mutum zai ci. Amma ba ɗan Adam kaɗai ke cin masara ba, kuma mai raguna ɗari a turke yana da tasa tambayar. Idan aka ciyar da dabba da irin wannan masara, za ta fi saurin ƙiba ne, ko za ta ja baya, ko kuwa duk ɗaya ne? Amsar ta shafi aljihu, domin bayan kuɗin sayen dabbar kanta, abinci ne ke cinye kaso mafi tsoka na abin da ake kashewa a kiwon turke.

Tambayar sabuwa ce a nan, amma a ƙasashen Turai an yi ta tun ƙarshen shekarun 1990, kuma tumaki aka sa suka amsa ta.

A can, yawancin masarar da ake ba shanu da tumaki ba a sussuke ta. Ana yanke ta ne tana ɗanya, da kara da ganye da goyo gaba ɗaya, a daddatsa ta ƙanana, a zuba cikin rami ko dogon rumbu, a danne sosai har iska ta fita, sa'an nan a rufe da leda. Ƙwayoyin bakteriyar da ke jikin ganyen sai su juya zaƙin da ke cikin karan ya koma tsami, irin tsamin da ke kama nono, kuma tsamin ne ke hana ta ruɓewa. Bayan kimanin mako uku ta nuna, kuma muddin ba a buɗe ba tana iya kai shekara. Wannan shi ake kira sailej, ko kuma masarar rami. Wani manomi Bafaranshe mai suna Auguste Goffart ne ya yaɗa dabarar da littafin da ya wallafa a 1877, daga nan ta bazu zuwa Amurka da sauran ƙasashe.

Ita kuwa masarar da aka yi gwaje-gwajen a kanta, sunanta masarar Bt. Haruffan biyu sun fito ne daga sunan wata bakteriya mai zama cikin ƙasa, Bacillus thuringiensis, wadda aka fara ganowa a Japan a 1901 tana kashe tsutsar siliki. Bakteriyar tana samar da wani furotin wanda idan tsutsa ta ci, yakan manne a bangon hanjinta ya huda shi, ta daina ci ta mutu. Hanjin dabbobi masu shayarwa ba shi da wurin da furotin ɗin yake mannewa. Masana suka ɗauko ƙwayar gadon da ke ba da umarnin yin wannan furotin suka dasa ta cikin masara, ta yadda shukar ke yi wa kanta magani. An fara noma ta don kasuwa a Amurka a 1996, kuma a 1997 Tarayyar Turai ta ba da iznin nau'in da ake kira Bt176, na kamfanin Ciba-Geigy wanda daga baya ya narke cikin Novartis. Abokiyar gabar da aka nufa ita ce tsutsar karan masara ta Turai, wadda ke huda kara ta ci bargonsa har iska ta karya shi.

Zaɓen tunkiya a matsayin alƙali ba ganganci ba ne. Tun da daɗewa masana abincin dabbobi suna amfani da fiɗiyayyen rago wajen auna ƙimar ciyawa da harawa, domin cikinsa yana aiki irin na saniya, ga shi ba ya cin da yawa, ga sauƙin sarrafawa. Akan sa shi cikin wani keji na musamman, a auna abin da aka ba shi, a auna abin da ya rage, a tara kashinsa a busar a auna. Abin da ya shiga bai fito ba shi ne abin da jiki ya narkar. A masarar rami mai kyau, wannan yakan kai kashi 70 cikin 100 ko sama da haka kaɗan. Jadawalin ƙimar abincin dabbobi da manoman Faransa ke aiki da shi, a kan irin wannan awo aka gina shi.

Gwajin da ya fi shahara shi ne na cibiyar binciken aikin gona ta Faransa, INRA, a tasharta ta Lusignan, wanda Yves Barrière da abokan aikinsa suka wallafa a 2001. Sun ɗauki masara iri ɗaya kashi biyu, Rh208 da Rh208Bt, waɗanda tamkar tagwaye suke, babu abin da ya raba su sai ƙwayar gadon da aka dasa wa ɗaya. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci ƙwarai, domin idan aka kwatanta masarar Bt da wani iri dabam, ba za a san ko bambancin da aka gani daga sauyin halittar ya fito ko daga asalin irin ba. Aka mai da kowace masarar rami, aka raba raguna nau'in Texel rukuni-rukuni, shida a kowane rukuni. An ƙayyade musu abinci daidai abin da zai riƙe jiki. Har ila yau aka ciyar da shanun madara da masarar biyu na kimanin wata uku.

Sakamakon ba shi da wani abin mamaki, kuma nan ne darajarsa take. Ragunan sun narkar da abincin biyu daidai wa daida, haka nan ɓangaren da ya fi wuyar narkewa, wato zaren kara da ganye.  A wajen shanu ma, yawan madara da maiƙonta da furotin ɗinta duk ɗaya, har da yadda take kamawa idan za a yi cuku. A Jamus, cibiyar binciken abincin dabbobi ta Braunschweig, ƙarƙashin Gerhard Flachowsky, ta yi makamancin wannan aiki da irin da ake kira Cesar da tagwayensa mai Bt, a kan raguna da kuma bijimai na turke, ta kuma sami amsa iri ɗaya.

Akwai wani ɓangare na gwajin Faransa da ya kamata ɗan kasuwa ya fi mai da hankali a kansa. Masanan sun haɗa da wasu nau'o'in masara uku na gargajiya waɗanda aka riga aka san ƙimarsu ta bambanta: mai ƙasa, da matsakaiciya, da mai sama. Mai saman ita ce wadda ake kira bm3, masara mai jan jijiya a tsakiyar ganye, wadda aka gano tun kafin yaƙin duniya na biyu, ba tare da kowa ya taɓa ƙwayoyin halittarta a ɗakin bincike ba. Karanta yana da ƙarancin liginin, wato sinadarin da ke sa kara ya yi tauri kamar itace, saboda haka tumbin dabba ya fi samun abin tatsa daga cikinsa, ko da yake ba ta cika yabanya kamar sauran ba kuma iska ta fi saurin kwantar da ita. Ma'ana, tsakanin irin masara da irin masara akwai tazarar da rago ke iya nunawa a ma'auni, amma tsakanin iri da tagwayensa mai Bt ba a ga tazarar ba.

Maganar liginin ta taɓa ta da ƙura. A 2001 wasu masana biyu a Jami'ar New York, Saxena da Stotzky, sun ba da rahoton cewa karan masarar Bt ya fi na tagwayenta yawan liginin nesa ba kusa ba. Da haka ne, da masarar ramin da aka yi da ita ta zama mai nauyin narkewa. Sai dai wani bincike da Jung da Sheaffer suka yi a gonakin jihar Minnesota, aka wallafa a 2004, bai ga wannan bambanci ba, kuma awon da aka yi da dabbobi masu rai bai nuna shi ba.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi damun mai sayen nama: ina furotin ɗin da ƙwayar gadon suke zuwa bayan dabba ta haɗiye? A nan masarar rami tana da wani hali nata. Tsamin da ke cikin ramin yana farfasa su tun kafin a kai ga akurkin dabba. Wani bincike a Jamus da aka wallafa a 2006 ya nuna cewa bayan kimanin wata biyu a rami, abin da ya rage na furotin ɗin Bt bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na asalinsa ba. A Jami'ar Leeds ta Ingila kuma, an ɗebi ruwan tumbin tumaki aka bincika, aka wallafa sakamakon a 2003. A tumakin da aka ba tsabar masara, an iya gano cikakkiyar ƙwayar gadon sa'a biyar bayan cin abinci. A waɗanda aka ba masarar rami ba a same ta cikakkiya ba ko kaɗan, sai ɗan guntunta, shi ma bai wuce sa'a uku ba.

Gwajin kwana bakwai ko wata uku ba ya isa a yanke hukunci a kan tunkiyar da za ta yi shekaru tana haihuwa. Saboda haka wasu masana a Italiya, ƙarƙashin Trabalza-Marinucci na Jami'ar Perugia, suka ciyar da tumaki da 'ya'yansu da tsabar masarar Bt176 har shekara uku, suka wallafa a 2008. Ba su ga illa ga lafiya ko haihuwa ko girma ba, kuma ba su sami ƙwayar gadon a jini ko nama ba. Amma sun rubuta wasu ƙananan sauye-sauye da madubin bincike ya nuna a bangon tumbin iyayen da kuma ƙwayoyin hantar 'ya'yan, tare da cewa tumakin da suka ci masarar Bt sun fi karɓar wata allurar rigakafi. Masu adawa da fasahar sukan kafa hujja da sauye-sauyen, masu goyon baya kuma su kafa hujja da lafiyar dabbobin, alhali rahoto ɗaya kowa ke riƙe da shi. A 2016 Cibiyar Nazarin Kimiyya ta Ƙasar Amurka ta tattara abin da aka rubuta cikin shekara ashirin, ta ce ba ta sami shaidar cewa irin wannan abinci ya cutar da dabbobin kiwo ba.

Abin lura, Bt176 kanta ta daɗe da barin kasuwa. Izninta a Amurka ya ƙare a 2001, Tarayyar Turai kuma ta janye ta a 2007, bayan an yi ta ƙorafi a kan wata ƙwayar gado ta jure maganin ampisilin da aka bari a cikinta. Faransa, inda aka yi gwajin da ya wanke ta, ta hana noman ɗaya nau'in, MON810, a 2008, Jamus ta bi sahu a 2009. Duk da haka Turai tana shigo da waken soya da aka sauya wa halitta miliyoyin tan a kowace shekara don abincin dabbobi, kuma dokarta ta 2003 ta wajabta lakabi a kan buhun abincin dabbar, amma ba ta wajabta shi a kan nama ko madarar dabbar da ta ci ba. Hukuncin ɗakin bincike dabam, hukuncin siyasa da kasuwa dabam. A Nijeriya ma Majalisar Wakilai ta nemi a watan Mayu na 2024 da a dakatar da shigo da irin waɗannan iri har sai an yi bincike.

To idan rago bai ga bambanci a akurki ba, ina ribar take? Tana gona. Masarar da tsutsa ba ta huda ba tana tsayawa har ranar yanka, goyonta ya cika, kuma ta fi tsira daga fumfuna, domin ta ramukan tsutsa fumfuna ke shiga tsaba ta zuba gubarta. Wani nazari da masana a Pisa ta Italiya suka wallafa a 2018, wanda ya tattara alƙaluman gonaki na shekara 21, ya nuna yabanyar masarar da aka sauya wa halitta ta ɗara ta tagwayenta da kashi 5.6 zuwa 24.5 cikin 100, gubar fumfuna kuma ta ragu da kusan kashi 29. Inda tsutsa ba ta yi yawa ba, ribar takan tsuke, kuɗin iri kuwa yana nan. Kariyar ma ba ta dindindin ba ce: a Afirka ta Kudu, inda aka fara noman masarar Bt a ƙarshen shekarun 1990, an ba da rahoto a 2007 cewa tsutsar kara ta fara jure ta. Masarar TELA an shirya ta ne don tsutsar kara, da tsutsar nan mai cin ƙunshin ganye wadda ta shigo Afirka daga nahiyar Amurka a 2016, da kuma matsakaicin fari. Furotin ɗin da ke cikinta ba shi ne na Bt176 ba, kuma don tsaba aka samar da ita. Ƙa'idar hukumomin kula da wannan fasaha, ciki har da hukumar NBMA da dokar 2015 ta kafa a Nijeriya, ita ce a duba kowane nau'i da kansa.

Abin da ke ɗaga ko kayar da ƙimar masarar rami ga tunkiya abubuwa ne da ke hannun mai aikin. Na farko lokacin yanka. Ana so a yanke ta sa'ad da tsaba ta wuce madara ta fara tauri, lokacin da ruwa ya kai kimanin kashi biyu cikin uku na nauyin shukar. Idan aka yi sauri, ruwa zai yi yawa, sitaci bai taru ba, ramin ya yi ta tsiyaya. Idan aka makara, ba za ta dannu ba, iska ta maƙale a ciki, fumfuna ta samu gida. Na biyu shi ne abin da masarar rami ba ta da shi. Tana da ƙarfi saboda sitacin tsaba, amma furotin ɗinta kashi 7 zuwa 9 ne kawai cikin 100 na busasshen nauyi, alhali ɗan rago mai girma yana bukatar kashi 14 zuwa 16. Dole a cike giɓin da ƙuli-ƙuli ko angurya ko harawar wake da ta gyaɗa. Haka kuma tana da ƙarancin kalsiyam, kuma idan aka haɗa ta da dusa mai yawa ba tare da gyara ba, rago yana iya kamuwa da tsakuwar mafitsara, fitsari ya toshe. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ƙwayar Bt ta gyara ko ta ɓata.

Akwai kuma hatsarin da ya fi kama tumaki fiye da shanu, wato cutar listeriya. Ƙwayar cutar tana zama cikin ƙasa, kuma tana yaɗuwa a masarar ramin da ba ta yi tsami sosai ba, musamman a gefe da saman rami inda leda ta huje, ko inda aka kwaso ƙasa tare da kara. Takan shiga ƙwaƙwalwa, tunkiya ta karkata kai ta riƙa zagaye wuri ɗaya, mai ciki kuma ta yi ɓari. Ɓangaren da ya yi baƙi ko ya yi yauƙi ko fumfuna, zubar da shi ake yi. Mai kiwon da ya yi tsumulmular wannan ɓangare yana iya biyan kuɗinsa da ran rago.

Ga lissafin da ɗan kasuwa zai iya yi da kansa. Tan ɗaya na masarar rami, idan aka cire ruwa, kimanin kilo 330 ne na abinci. A gonar da ta yi goyo sosai, kusan rabin wannan tsaba ce, wato kimanin buhu ɗaya da rabi na masarar da manomi ya haƙura da kai wa kasuwa. Saboda haka farashin masarar rami ba zai taɓa rabuwa da farashin buhu a Dawanau ko Saminaka ba, kuma a ƙasar da mutane da masu gonakin kaji ke rububin masara ɗaya, wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Rago mai kilo 30 yana cin kimanin kilo ɗaya na busasshen abinci a rana. Idan masarar rami ta ɗauki kashi biyu cikin uku na wannan, zai ci kilo biyu nata a ɗanye kullum, wato tan ɗaya zai riƙe raguna biyar na wata uku. A 2024 da 2025 Babbar Salla ta faɗo a watan Yuni, kuma tana matsowa baya da kimanin kwana 11 a kowace shekara, ma'ana watannin turke suna faɗawa cikin bazara, lokacin da harawa ta fi tsada. Masarar da aka rufe a rami a ƙarshen damina tana iya jira har lokacin.

Sai dai abinci ne mai nauyin ruwa. Wanda ya loda shi a tirela daga Kaduna zuwa Agege ko Bodija, kashi biyu cikin uku na kuɗin motar ruwa ya biya wa. Ya fi dacewa da wurin kiwon da ke kusa da gona. Kuma da zarar an buɗe rami, zafin ƙasarmu yana sa fuskar da iska ta taɓa ta ɗumama ta lalace cikin kwana ɗaya ko biyu, don haka mai 'yan raguna goma ya fi samun sauƙi da durom ko buhun leda mai kauri, wanda zai buɗe ya ƙarar cikin kwana biyu.

Mai saye yana iya gwada kaya a tsaye ba tare da ɗakin bincike ba. Mai kyau launinta kore-kore ne mai ratsin rawaya, ƙanshinta mai ɗan tsami ne, ana ganin fasassun tsaba a ciki. Idan aka dunƙula a hannu aka matsa, tafin hannu zai yi danshi amma ruwa ba zai ɗiga ba, kuma idan aka saki, dunƙulen zai warware a hankali. Wadda ke warin ruɓaɓɓen man shanu, ko ta yi zafi a hannu, tumaki za su rage cinta, ko da wane iri aka shuka.